Yadda nake sauke kiɗan metal mai tsauri a kan akwatin kiɗa

Gyaran agogo ne sana'ata, a Aboabo nake zaune a Kumasi, kuma a kan teburin da nake buɗe agogo nake huda takardun akwatin kiɗa, wato ɗan injin da ke kaɗa waƙa ta bin hujin takarda, idan aiki ya lafa. Na daɗe ina sauraron kiɗan metal mai tsauri, kiɗan jitar lantarki da ganga mai ruri, irin wanda yawancin mutanenmu na Zango ba sa ma ɗaukarsa a matsayin kiɗa. Shaidar da zan bayar ita ce, a ƙarƙashin wannan ruri akwai lissafi mai kyau, kuma ban san abin da ke fito da lissafin fili kamar ɗan akwatin nan mai haƙoran ƙarfe ba. Ba shi da ganga, ba shi da maƙogwaro, ba shi da lasifika. Idan ka sauke waƙa a kansa, abin da mawaƙin ya tsara ne kawai zai rage, kuma akwai waƙoƙin da idan an sauke su babu abin da ke ragewa. Waɗanda suka tsira su ne nake ƙauna.

Kiɗan ya samo tushe a Bamingam ta Ingila, inda Black Sabbath suka fitar da faifansu na farko a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe, abin da ya sa daga baya ya sassauta tsirkiyoyinsa, sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi. Daga yankin dai Napalm Death suka fito, faifansu na 1987 ya yaɗa salon ganga da ake kira bilas, wato ƙafa da hannu suna saukowa bi da bi ba numfashi. Ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne na masu gwaje-gwaje: Meshuggah na garin Umeå a Suwidin, masu jita mai tsirkiya takwas da ƙidaya biyu a lokaci ɗaya, da Gorguts na Kanada waɗanda suka gina waƙoƙinsu a kan sautukan da ba sa jituwa. Ba kuma kayan Turawa kaɗai ba ne. A Lome, nan kusa da mu, Arka'n Asrafokor suna haɗa shi da kiɗan Ewe, a Botsuwana kuma akwai Overthrust da Wrust.

Akwai baitocin wasu ƙungiyoyin da ba na yarda da su, na saɓo da na ƙiyayya, kuma ba na ajiye su a wayata. Wanda ya guji kiɗan saboda wannan, ban ga laifinsa ba. Abin da nake ɗauka ƙidaya ce da tsarin sauti, akwatin kuwa ba shi da harshen da zai furta kalma.

Asalin akwatin daga masu agogo ne. Antoine Favre na Jeniba a Siwizalan ne ya fito da dabarar haƙoran ƙarfe masu sauti a 1796. Irin wanda aka fi sani yana da gangar ƙarfe mai ƙusoshi, waƙarsa ɗaya har abada, wannan ba zai yi mana aiki ba. Wanda ake buƙata shi ne mai cin takarda, ana juya shi da hannu. Yana zuwa da haƙori 15, ko 20, ko 30. Biyun farko ba su da rabin taki ko ɗaya bayan na asali (rabin taki shi ne tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sauti biyu a fiyano), daidai suke da fararen madannan fiyano, don haka mai 30 za ka nema. Idan ka duba cikinsa da madubin ido za ka ga matajin ƙarfe, kowane haƙori da sautinsa, a gaban kowane haƙori kuma akwai 'yar ƙafa mai tsinaye kamar tauraro. Takarda tana wucewa a kan taurarin. Idan huji ya iso, tsini ɗaya ya faɗa ciki, takardar ta ja shi, tauraron ya juya, wani tsinin ya tsunkuli bakin haƙorin. Duk wahalar aikin daga wannan juyin take fitowa.

Faɗin takardar mai haƙori 30 milimita 70 ne. Layukan sauti suna bin tsawonta, milimita 2 tsakanin kowanne da na kusa da shi. Layukan lokaci suna ratsa ta, milimita 4 tsakani. Dokar da ba ta da makawa ita ce, haƙori ɗaya ba ya sake yin magana sai takarda ta yi tafiyar milimita 8, wato layi biyu. Idan ka huda sauti ɗaya a layuka biyu masu bin juna, tauraron bai gama komawa mazauninsa ba, huji na biyu zai wuce shiru.

Yanzu a auna wannan da abin da mai jita yake yi. A waƙa mai bugu 200 a minti, yana karkaɗa tsirkiya ɗaya sau huɗu a kowane bugu, sau 800 a minti ke nan, kusan sau 13 a daƙiƙa. In za a yi haka da haƙori ɗaya, sai takarda ta riƙa gudun milimita 107 a daƙiƙa, takarda mai santimita 70 ta ƙare kafin daƙiƙa bakwai. Babu hannun da zai juya haka, in ma an samu, takardar za ta yage. Juyi na natsuwa, inda milimita 8 ke zama bugu ɗaya a bugu 120 a minti, milimita 16 ne a daƙiƙa, minti ɗaya na kiɗa yana cin santimita 96. Saboda haka duk wanda ya zauna da niyyar kwafo waƙar yadda take, ya ɓata takardarsa tun kafin ya fara.

Maganin shi ne a raba aikin tsakanin haƙora, kamar yadda mata ke lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na tashi ta waccan na sauka. Ka sa sautin a haƙori ɗaya, bayan milimita 4 ka sa ɗan'uwansa na hawan sama, wato sauti mai suna ɗaya da shi amma ya fi shi siranta, sannan ka dawo. Kowane haƙori ya samu hutunsa na milimita 8, kunne kuwa yana jin ninki biyu. Idan ka shigo da haƙora huɗu, ka ja naka layukan da fensir a tsakiyar na bugawa, tazara ta koma milimita 2, za ka samu sauti takwas a daƙiƙa a juyi na natsuwa, goma sha biyu idan hannu ya ƙara sauri zuwa milimita 24 a daƙiƙa. Nan ka kusa kamo mai jitar. Amma kada a cika takarda da wannan. Haƙorin ƙarfe yana ci gaba da amo bayan an tsunkule shi, in aka yi ta karkarwa babu tsayawa sai komai ya narke ya zama ƙara ɗaya mai daɗi, daɗin da ba shi ake nema ba. Layi goma sha shida na karkarwa, sannan a yanke, ya fi layi sittin tasiri.

Matsala ta biyu ita ce sautukan da babu. Da haruffa ake sa wa sautuka suna, lambar da ke bin harafi tana nuna hawansa, alamar # kuwa rabin taki sama. A ƙasan matajin C, D, G, A da B ne kawai. Daga nan C1, D1, E1, kuma sai daga E1 zuwa C3 ne ake samun kowane rabin taki a jere, haƙora 21, sannan D3 da E3 su rufe. Yawancin gindin kiɗan metal, ɗan gajeren tsarin da ake ta maimaitawa, abin da masu yi ke kira rif, yana zaune a kan tsirkiya mafi kauri ne, yana hawa rabin taki ya dawo, yana tsallakawa rabin taki shida, tazarar da ke sa kunne ya ƙi natsuwa. A kan jita ta gama-gari E ne da F da A#. Matajin kuwa ba shi da E ko F a ƙasa. Abin da ke aiki shi ne a ɗauke waƙar gaba ɗaya a dasa gindinta a kan B. Rabin taki a samansa C1 ne, yana nan. Rabin taki shida F1 ne, yana nan. D1, E1, F#1, G1, A1 duk suna nan. Biyu kaɗai za ka rasa, C#1 da D#1, kuma su ne masu sa waƙa ta yi fara'a, wannan kiɗan bai cika neman su ba. Ga kuma B guda uku a matajin, B da B1 da B2, waɗanda tare da F1 suka ba ka haƙora huɗun karkarwa. Ban san wani mazauni da ya kai wannan dacewa ba a kan mai haƙori 30.

A lura, haruffan da ke kan takarda suna ne kawai. A yawancin waɗanda ake sayarwa, inda aka rubuta C, F ne yake fita. In akwatin zai yi kiɗa shi kaɗai babu damuwa, in kuwa za a haɗa shi da jita ko murya, a fara auna haƙoran da manhajar saita sauti ta waya.

Kafin a taɓa takarda sai an saurara da fensir a hannu. Ina sa waƙar a Audacity, manhajar gyaran sauti, in rage saurinta zuwa rabi ba tare da sautin ya sauka ba, in bi kayan kiɗa ɗaya kowane zagaye. Jitar bes ta fi faɗin gaskiya a kan gindin waƙa, domin jitar gaba tana cikin hayaƙin distoshan, wato rurin da na'ura ke ƙara wa sautinta. Faifan ƙarfen mai ganga shi ke riƙe da ƙidayar asali. Daga waƙa mai minti shida, abin da nake ɗauka bai wuce rif biyu ko uku da mahaɗarsu ba, kusan daƙiƙa arba'in zuwa minti ɗaya. Ina rubuta su a MuseScore, manhajar rubuta kiɗa, in ji da sautin fiyano, domin duk abin da ya yi lami a fiyano zai fi yin lami a mataji.

Inda akwatin ya fi nuna kansa shi ne ƙidaya biyu a lokaci ɗaya, kuma ga misali da mutum zai iya hudawa yau. Ɗauki layin lokaci 32, wato milimita 128, gida huɗu masu layi takwas-takwas. A kan B na ƙasa, sa tsari mai layi bakwai, biyu da biyu da uku: huji a layi na 1, 3, 5, sai 8, 10, 12, sai 15, 17, 19, sai 22, 24, 26. Zagaye huɗu sun ci layi 28, saura huɗu, sai ka guntule na biyar a 29 da 31 domin kowa ya haɗu a layi na 33. A can sama, a kan E3, huda kowane layi na biyu daga 1 zuwa 31, shi ne faifan ƙarfe. A layi na 5, 13, 21 da 29, huda B1 da C2 tare, su ne bugun ƙaramar ganga. Huji 38 ke nan gaba ɗaya. Da ka juya za ka ji na sama yana tafiya a miƙe, na ƙasa yana zamewa daga ƙarƙashinsa layi ɗaya a kowane gida, a zagaye na biyu ya faɗa tsakanin bugu, a na uku ya dawo kai, har guntulewar ta mayar da su wuri ɗaya. Wannan ita ce dabarar da aka san Meshuggah da ita, hannun mai ganga yana riƙe da huɗu, ƙafafunsa suna bin jita. Da ba a guntule ba, bakwai da takwas sai bayan layi 56 za su haɗu, milimita 224, kuma kunnen mai sauraro yakan ɓata kafin nan.

Wanda ya tashi a Gana bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Ƙararrawar agbadza, kiɗan rawa na Ewe, tana buga bakwai a cikin goma sha biyu: biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. A takarda layi na 1, 3, 5, 6, 8, 10, 12 ke nan. Wuri biyu tazarar layi ɗaya ce, tsakanin 5 da 6, da tsakanin 12 da dawowar 1, inda haƙori ɗaya zai ƙi. Sai ka ba B1 ukun farko, ka ba F2 huɗun ƙarshe, kowa ya samu hutunsa, ka kuma samu tazarar rabin taki shida a kyauta. Ɗora wannan a kan rif mai huɗu, ka ji yadda suke zama tare ba tare da an tilasta musu ba.

Saura kaushi. Mataji sautinsa garau ne, kuma in aka bar shi haka, rif mafi tsanani zai fito kamar waƙar lallashin jariri. Hanya ta farko a takarda take: haƙora biyu masu rabin taki tsakani, in aka tsunkule su tare, amonsu yana karo yana rawa, shi ne abin da B1 da C2 suke yi a misalin sama. Ta biyu a matajin take. Yanki siririyar takardar rasiti, faɗin milimita 5, ka kwantar a kan haƙoran ƙasa ka manne gefe ɗaya kawai da salatif a jikin ƙarfen gindi. Za ta riƙa zizara duk lokacin da haƙori ya motsa. Makaɗanmu sun daɗe da sanin amfanin wannan zizar, shi ya sa ake sa akayau a kan garaya, kuma masu gyil, kayan kiɗa na jerin katako mai ƙwarya a ƙarƙashi, a arewacin Gana suke toshe hujin ƙwaryar da yanar gizo-gizo. Kada dai a manna komai a kan haƙorin kansa. Duk nauyin da ka ƙara masa zai saukar da sautinsa, ya daina jituwa da 'yan'uwansa na sama.

Ta uku ita ce wuta. Faifan fiyezo mai milimita 27, wanda ke mayar da girgiza ta zama lantarki, a manne shi a ƙarƙashin allon da aka ɗaure injin, a ja waya mai garkuwa zuwa fedar distoshan, na'urar da ke ƙara rurin, da lasifika. Yana aiki, amma fiyezo ba ya zaɓe: zai ɗauko gurnanin ƙafafun juyi da gogar takarda tare da kiɗan, don haka a manne shi kusa da gindin mataji, nesa da hannun juyi. Distoshan kuma yana cakuɗa sautukan da suka shigo tare ya haifi wasu a tsakaninsu, saboda haka takardar da za a kunna da feda kada ta wuce huji biyu a layi. Ni dai na fi son akwatin ba wuta. Idan ka mayar masa da rurin da aka cire, ka rufe abin da ka sha wahalar buɗewa.

Ko ba feda, huji huɗu a layi ɗaya shi ne iyaka. Kowane tauraro yana jan takarda baya, idan biyar ko shida suka kama a lokaci ɗaya hannu zai yi tauri, abin jan takardar ya zame, kiɗan ya yi tuntuɓe, wani lokaci bakin hujin ya tsage. In dole ne sautuka da yawa, a karkace su, kowane huji milimita 1 bayan na ƙasansa.

Takardun da ke zuwa da injin ba sa daɗewa, sai mutum ya yanka nasa. A shagunan kayan rubutu na Adum ana samun kati mai kauri kusan milimita 0.3. Wanda bai kai haka ba tsinin tauraro zai yaga shi, wanda ya fi haka zai cije. Yanka da reza da rular ƙarfe, ba da almakashi ba, kuma auna faɗin a wuri uku. In ya ɗara 70 ko da rabin milimita ne zai maƙale a baki, in ya gaza zai riƙa yawo hagu da dama, huji ya faɗa tsakanin taurari biyu, ko dai shiru ko maƙwabcin ya yi magana. Layukan sauti 30 suna cin milimita 58, saura 6 a kowane gefe. A fara sa ɗigo da fensir a duk wuraren, a bi su da yatsa ana ƙidaya, sannan a ɗauki abin huji. Ɗigon ya zauna a tsakiyar bakinsa daidai. Hujin da ya faɗa inda bai kamata ba, a rufe shi da salatif sama da ƙasa, in sabon hujin yana kusa a huda ta cikin salatif ɗin. A fere bakin takardar ya yi tsini kaɗan, a bar santimita 5 babu huji kafin sautin farko don injin ya kama ta sosai.

Injin shi kaɗai a tafin hannu da ƙyar ake jin sa, katako ne ke ba shi murya. A Sokoban, wajen masu katako, nemi wawa ko sidirela, masu sauƙi ne kuma suna amsawa. Odum ya yi nauyi, yana haɗiye sautukan ƙasa, su ne kuwa muke nema. Akwati mai tsawon santimita 18, faɗi 12, zurfi 7, allon sama kauri milimita 3 zuwa 4, da huji ɗaya a gefe, ya isa. Ɗaure injin da sukuru kai tsaye a kan allon, babu roba a tsakani, kuma dukkansu su ɗauru daidai. Sukuru ɗaya mai sako-sako yana kawo zizar da ba kai ka sa ta ba.

Yanayin Kumasi yana da nasa hukunci. A damina kati yana shan laima ya kumbura, takardar da ta wuce sumul a watan Janairu ta cije a watan Yuni, mataji kuma ya fara tsatsa daga bakin haƙora, tsatsa kuwa tana canza sauti. Ajiye takardu a kwance cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Da hunturu ƙura ce ke shiga tsakanin taurari har ɗaya ya riƙa makara. Burushi mai laushi ya isa. Man agogo ɗigo ɗaya a kan ƙafafun juyi kawai, kada ya taɓa mataji ko abin jan takarda.

Takarda tana da baiwar da jita ba ta da ita. In ka shigar da ita ta wutsiya kana kifa ta kai da ƙafa, waƙar za ta tafi da baya. In ka kifa ta gefe da gefe, na sama ya koma ƙasa, kuma tun da tazarar haƙoran ba daidai take a ɓangarorin biyu ba, abin da zai fito sabon abu ne da ba ka rubuta ba. Wani lokaci shirme, wani lokaci rif ɗin da ya fi na asali. In kana son ta yi ta zagayawa, shigar da ita tukuna sannan ka haɗa bakin biyu, a yanke su a karkace, baki da baki ba ɗaya a kan ɗaya ba, salatif a ƙasa. Mahaɗar ta faɗa inda babu huji, kuma tsawon zoben ya zama cikakkun gidaje, in ba haka ba kowane zagaye zai yi ɗingishi a wuri ɗaya.

Wanda zai sayar da takardar waƙar wani ko ya ɗora ta a intanet don kuɗi, ya sani dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, Act 690, ta shafi sauya waƙa ma, izinin mai ita ake nema. Shi ya sa yanzu yawancin takarduna nawa tsarin ne, dabarar kawai na aro.

Wajen juyawa, hannu yakan yi sauri inda huji ya yi kaɗan, ya yi nauyi inda suka taru, kuma a kiɗa mai ƙidaya biyu wannan ɗan bambancin ya isa ya rushe komai. Danne akwatin da hannun hagu a kan teburi, gwiwar hannun dama a jingine, juyin ya fito daga wuyan hannu. Sa manhajar ƙidayar bugu a kunne ɗaya, ka bi E3 na sama kaɗai, ka ƙyale na ƙasa ya yi zamewarsa.